Saƙon Murja da Ya Ƙi Fita

Wata rana na kai Mama wani ƙaramin asibitin kuɗi a Zariya a duba mata hawan jini.

Bayan azahar ne. Daga ofis na sato jiki na ɗauko ta, da niyyar mu shiga mu fito kafin oga ya ankara ba na nan.

Muna zuwa aka ce likita ya shiga ɗakin tiyata. Wata mai naƙuda aka kawo a gaggauce, sai dai mu jira.

Muka zauna. Ina duba waya, ina duba ƙofa, ina tsaki a raina.

A ɗakin jiran nan na ga mutumin.

Dogo ne, zai haura arba'in, hannayensa irin na masu aikin ƙarfi. Daga baya na ji direban tifa ne, yashi yake ɗauka. Har yau ban san sunansa ba. Kowa a wurin Baban Murja yake ce masa.

Murja 'yarsa ce. Ba za ta wuce shekara shida ba. An yi mata kitso ƙanana, an sa mata 'yan kunne masu kamar tauraro.

Ga kujeru ba kowa, amma ba ta zauna ba. Tsugune take a jikin bango, ta haɗe gwiwoyinta da ƙirjinta. Leɓɓanta sun yi wani irin duhu, haka ma farcenta.

Mama ta ce, "'Yar nan, taso ki zauna kusa da ni mana."

Uban ya juyo ya ce, "Ƙyale ta, Hajiya. In ta tsuguna numfashin ya fi yi mata sauƙi."

Mama ta gyaɗa kai. Ni ma na ajiye wayata.

Shi kuwa ya kasa tsayawa wuri ɗaya. Ya je bakin ƙofa, ya dawo. Ya leƙa teburin karɓar baƙi, ya koma. Ya cire hula, ya mayar.

A teburin akwai wata budurwa sanye da farin hijabi, ita ce sakatariyar asibitin. Lubabatu sunanta, nas-nas ɗin suna ce mata Luba. Gabanta tsohuwar kwamfuta ce irin ta tebur, mai akwati a ƙasa.

Ina kallonta ta sunkuya ta danne maɓallin akwatin nan har fuskar kwamfutar ta yi baƙi. Ta ɗan jira. Ta sake kunnawa.

Baban Murja ya ce, "Malama, ya tafi?"

Ta ce, "Yanzu zai tafi, in sha Allahu. Haka take yi."

Ba sai na tambaya ba, daga maganganunsu na haɗa labarin.

Da ciwon zuciya aka haifi Murja. Aikin da za a yi mata ya fi ƙarfin direban tifa, ya fi ƙarfin danginsa gaba ɗaya. Sai ga labari cewa wasu likitocin zuciya za su zo Abuja su yi wa yara aiki kyauta. Suka ce kowane asibiti ya turo musu rahoton yaro da bidiyon bugun zuciyarsa ta imel, su duba, su zaɓi waɗanda za a kira.

Ranar nan ake rufe karɓa. Da an tashi aiki, shi ke nan.

Bidiyon kuwa sai da safen nan uban ya samo shi daga inda aka ɗauki hoton zuciyar, bayan ya yi ta sintiri.

Komai ya haɗu. Rahoto yana nan, likita ya sa hannu kafin ya shiga tiyata. Bidiyo yana cikin kwamfuta. Abin da ya rage kawai Luba ta tura.

Manhajar imel ɗin ta ce ba ta san zancen ba.

Kwamfutar ta gama tashi. Luba ta buɗe manhajar. Sunayen saƙonni suka fara bayyana, ta kai hannu za ta latsa, sai fuskar ta yi fari-fari kamar an zuba mata madara. Wata 'yar da'ira ta hau juyawa a tsakiya.

Ta latsa nan, shiru. Ta latsa can, shiru.

Da'irar tana ta juyawa.

Luba ta sake sunkuyawa ta kashe.

Na kasa haƙuri. Na tashi na je na ce, "Ƙanwata, ki tura da wayarki mana."

Ta ce, "Anti, ba sa karɓa sai daga adireshin asibiti. Kalmar sirrin kuma Likita kaɗai ya sani. Tun da aka saka manhajar take a ajiye a ciki, ni ban taɓa rubuta ta ba."

"Wanda ya saka muku ita fa?"

"Tun ɗazu nake kira, layinsa a kashe."

"A leƙa a tambayi Likita mana."

Ta kalle ni. Ni ma da na ji abin da na faɗa sai kunya ta kama ni. Mutum yana can da wuƙa a hannu, rai biyu a gabansa, wa zai leƙa ya tambaye shi kalmar sirri?

Na koma na zauna. Ban daɗe ba na sake miƙewa.

Ta kunna. Ta buɗe. Manhajar ta daskare.

Ta kashe.

Kowace kunnawa sai kwamfutar ta ɗauki lokacinta, tana gurnani kamar tsohuwar fanka. Mu kuma duk mun zuba mata ido, har da wani dattijo da ya zo wankin ciwo, wanda aka gama da shi amma ya ƙi tafiya.

Oga ya kira ni. Na kife wayar a cinyata.

Ana cikin haka Murja ta ce, "Baba, mu tafi gida."

Ya ce, "Yanzu, uwata. Yanzun nan."

Ta fara kuka. Ba kuka mai ƙarfi ba, amma kukan ya ja mata numfashi. Sai na ga ƙirjinta yana ɗagawa da sauri, idanunta sun firfito, duhun leɓɓanta ya ƙaru.

Mama ta hau salati.

Wata nas ta fito da gudu ta ɗauke ta, ta shige da ita ciki a sa mata iskar taimakon numfashi. Uban ya bi su. Ya kai bakin ƙofar ɗakin, ya waiwayo ya kalli kwamfuta, ya sake kallon ƙofar.

Ban taɓa ganin mutum ya rabu biyu a tsaye irin haka ba.

Ya shiga.

Luba kuwa tana nan gaban kwamfuta. Gumi ya jiƙa gefen hijabinta duk da fanka tana kaɗawa. Tana ta magana ƙasa-ƙasa, ban san da Allah take ko da kwamfutar ba. "Don Allah yau kaɗai. Yau kaɗai."

Masallacin bayan asibitin ya kira la'asar.

Mai shara ta fito da bokiti ta fara goge baranda. Kowa ya san abin da hakan ke nufi, yini ya fara naɗewa.

Can sai ga Baban Murja ya fito. Ya ce ta samu sauƙi, ta yi barci. Ya zo ya tsaya a gaban tebur daidai lokacin da da'irar nan ta sake fara juyawa, Luba kuma ta sunkuya za ta danne maɓalli.

Ya ce, "Malama, tsaya. Tun yaushe take yi miki haka?"

"Tun bara."

"Me aka ce yana damunta?"

"Ba a duba ba. In na kashe na kunna tana tashi."

Ya kalli kwamfutar. Sannan ya ce, "Haka muka yi da yarinyar nan. In ta faɗi mu shafa mata ruwa, ta tashi, mu ce ta warke. Har shekara huɗu."

Ba da faɗa ya faɗa ba. Muryarsa ma ba ta ɗaga ba.

Luba ta janye hannunta daga maɓallin.



Ni ba injiniya ba ce. Abin da na iya da kwamfuta bai wuce na kowace ma'aikaciyar ofis ba. Amma maganar mutumin nan ta sa na daina tunanin yadda za a tashe ta, na koma tunanin me ke kayar da ita.

Na ce, "Luba, daidai wane lokaci take daskarewa? Da kin kunna kwamfutar, ko sai kin buɗe imel?"

"Sai na buɗe imel."

"Nan take?"

Ta yi tunani. "A'a. Tana buɗewa lafiya. Sai wani ɗan rubutu ya fito a ƙasa cewa tana tura saƙo. Daga nan ne."

Sai na tuna wani abu. An taɓa yin irin haka a ofishinmu, da mai gyara ya zo, kafin ya taɓa komai sai da ya cire wayar intanet. Na tambaye shi dalili, ya ce in ba ta ga hanya ba ba za ta yi yunƙurin tura komai ba, sai ta tsaya a duba cikinta.

Na faɗa musu. Na kuma ce ban yi alkawarin zai yi ba.

Luba ta ce, "Anti, in na cire wani abu ya lalace fa? Kayan asibiti ne."

Na ce, "To yanzu aiki take?"

Akwatin yana can ƙurya, bayansa ya manne da bango, wayoyi sun cukurkuɗe da yana. Hannun Luba bai kai ba, nawa ma haka. Baban Murja ya durƙusa da farar rigarsa, ya zura dogon hannunsa.

"Wacce?"

"Siririya, mai kai kamar na wayar tarho ta da. Akwai 'yar fitila tana ƙiftawa a gindinta."

"Shuɗiya?"

"Ita ce."

Ya zare ta.

Luba ta kashe, ta kunna, amma wannan karon da dalili. Muka jira gurnanin nan ya ƙare. Ta buɗe manhajar.

Ta buɗu.

Muka jira fuskar ta yi fari. Ba ta yi ba. Luba ta latsa wani saƙo, ya buɗe nan take. Ta ɗago ta kalle ni kamar na yi tsafi.

Na ce, "Shiga akwatin saƙonnin da ke jiran fita."

Ta ce ba ta taɓa leƙa shi ba. Ta nema, ta samu, ta latsa.

Ga saƙon Murja nan, ba ɗaya ba, ba biyu ba, jere reras. Ashe duk lokacin da Luba ta samu ta latsa turawa kafin manhajar ta daskare, wani sabo take ƙarawa a layi, kowanne ɗauke da rahoto da bidiyo gaba ɗaya.

A can saman layin kuma, gaban kowa, wani tsohon saƙo ne mai kwanan watan bara.

Luba ta buɗe shi. Ta dafe kai.

"Innalillahi. Bidiyon walimar Sista ce."

Wata nas ce a asibitin ta yi aure bara, aka yi mata walima, aka ɗauki bidiyo tun daga addu'ar buɗewa har rabon abinci. Luba ta so tura wa wata abokiyar aikinsu da ta koma Kaduna. Ta latsa, ta ɗauka ya tafi, ta manta.

Bai tafi ba. Girmansa ya fi ƙarfin ƙofar.

Tun daga ranar, duk buɗewar da za a yi, sai manhajar ta fara kokawa da shi. Wani lokaci ta gaji ta bar ƙananan saƙonni su wuce, wani lokaci ta daskare. Yau da aka jibga mata na Murja a bayansa, sai ta zube gaba ɗaya.

Mama daga kujerarta ta ce, "Amaryar ma ai ina jin yanzu goyo take."

Luba ta fashe da dariya, hawaye na zuba. Ta ce, "Wallahi Hajiya, ta haihu."

Ta goge bidiyon walima. Ta goge na Murja da suka taru, duka.

Na ce kada mu maimaita kuskure, na Murjan ma yana da nauyi. Da muka duba sai muka ga ba bidiyo ɗaya ba ne, gajeru ne da yawa a haɗe. Muka shirya rahoton likita shi kaɗai a saƙon farko. Gajerun bidiyon kuma kowanne da nasa saƙon, da sunan yarinyar a sama, don kada su ɓace wa mutanen can.

Baban Murja yana durƙushe har yanzu, shuɗiyar wayar a hannunsa, ya riƙe ta kamar za a ƙwace.

Na ce, "Mayar."

Ya mayar. 'Yar fitilar ta fara ƙiftawa.

Luba ta ce bismillah, ta latsa na farko.

Ya fita.

Na biyu ya ɗan yi nauyi, ya fita.

A na uku ne da'irar nan ta dawo. Ta juya, ta juya, ta juya. Na ga hannun Luba ya fara gangarawa ƙasan tebur da kansa, ita ma ba ta sani ba.

Baban Murja ya ce, "Ba ta lokaci, Malama. Kaya take ɗauke da shi."

Ta dawo da hannun ta ɗora a cinya.

Muka jira. Dattijon wankin ciwo yana jan carbi da ƙarfi. Mai shara ta jingina da sandarta a bakin ƙofa.

Ya fita.

Sauran suka bi shi ɗaya bayan ɗaya, har akwatin ya zama fanko.

Ba wanda ya yi murna tukuna. Rana ta yi sanyi, kuma ba mu san ko mutanen can sun riga sun tashi ba. Luba ta nemo lambar da ke jikin sanarwarsu ta kira. Ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Ta sake kira.

Wata mata ta ɗauka, ana jin alamar tana haɗa kayanta. Luba ta faɗi sunan asibiti da sunan yarinya.

Matar ta ce a dakata.

Muka dakata.

Ta dawo ta ce, "Sun shigo. Ba mu buɗe ba tukuna, amma sun shigo. Ku kuka zama na ƙarshe."

Baban Murja ya ja baya har ƙafarsa ta taɓa kujera, ya zauna, ya rufe fuskarsa da hularsa. Kafaɗunsa suna girgiza. Muka kau da kai muka bar shi.

Sai dab da magariba likita ya fito, a gajiye, ya ce uwa da jariri suna lafiya. Ya auna Mama, ya ɗaure fuska.

"Hajiya, jinin nan ya hau sosai. Me ya tayar miki da hankali?"

Ta ce, "Likita, wannan kwamfutar taku ce."

Washegari na sha faɗa a wurin oga. Na ba shi haƙuri, ban yi masa dogon bayani ba.

Bayan wasu watanni na koma karɓar wa Mama magani. Luba tana hango ni ta taso ta rungume ni.

Ta ce a satin nan ta tsaya kai da fata sai da aka kawo mai gyara ya zauna da kwamfutar yini guda. Ya kwashe tsofaffin saƙonni na shekaru ya adana su gefe, ya sabunta manhajar. Ya kuma gano ma'ajiyar bayanan cikinta ta kusa mutuwa, irin kashewar ƙarfin da ake yi mata ta ƙara jigata ta. Da an ƙara 'yan watanni, da bayanan marasa lafiya da yawa sun salwanta.

Na ce duk na ji. Murja fa?

Ta ce an kira su. An yi aikin a Abuja. Ya yi tsawo, ta kuma daɗe a ɗakin kulawa ta musamman, har an fara fidda rai. Amma ta tashi.

"Makon jiya ma ya kawo ta a duba ta. Wai ƙara ya kawo wa Likita."

"Ƙarar me?"

"An sa ta makaranta. Ba ta yi wata guda ba aka aiko a kira shi. Wani yaro ya ɗaukar mata fensir, ta bi shi har bayan aji ta kayar da shi ta zaune shi."

Ta ce yana faɗa yana ƙoƙarin ɗaure fuska, wai yarinya ta zama fitinanniya, a yi mata faɗa.

Amma haƙoransa duk a waje suke.

Darasi:

Tashi ba warkewa ba ne.

Da yawanmu muna da abin da muke kashewa muna kunnawa. Ciwon kan da kullum sai ka haɗiyi ƙwaya ya lafa, ba ka taɓa zuwa an auna ka ba. Faɗan da kuke yi da mai gida ko uwargida a kan abu ɗaya, ku yi gaba, ku shirya, ba ku taɓa zama kun taɓo asalin maganar ba. Yaron da ya daina surutu a gida, ka ce ai girma ne.

Yana tashi, sai ka ce an wuce wurin. Ba a wuce ba. Yana nan a layi, sauran abubuwa suna taruwa a bayansa. Kuma ba ranar da kake da sarari zai tsaya maka ba, sai ranar da ba ka da lokacin ko numfasawa.

In abu ya maimaita kansa, ka daina tambayar yadda za a tashe shi. Ka tambayi me ke kayar da shi. In ya fi ƙarfinka, ka kai wa wanda ya sani tun kana da sauran lokaci.

Na san kana karantawa wani ya faɗo maka a rai, mai yawan cewa "haka yake yi, zai daina." Kada ka tsaya a danna alamar so. Tura masa wannan yau, ka kuma bi shi da kira.